Daƙiƙin Ajin Auta

Auta ta sake faɗuwa lissafi, kuma a kan Mai Walda aka sauke laifin.

Sauran darussa duk ta ci. Lissafin nan kaɗai ya tsaya mata a wuya, ita kuwa makarantar koyon jinya ba ta ɗaukar mutum sai da shi. Ranar da sakamako ya fito, Baba, tsohon direban babbar mota da ciwon suga ya zaunar a gida, ya sa aka kira masa Mai Walda har tsakar gida.

Mai Walda ya zo da rigar aiki, duk ƙananan ramukan tartsatsi a jikinta. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba bai amsa ba.

"Kai ne mai son 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"To ga abin da sonka ya haifa." Ya kaɗa masa takardar. "Yarinya ta dawo daga aikinta na kantin magani a gajiye, maimakon ta buɗe littafi sai ta tsaya bakin get tana yi maka dariya. Me kake gaya mata ne haka mai daɗi? Labarin ƙarfe?"

"Baba, ni ban taɓa hana ta karatu ba."

"Ba ka hana ta ba, ba ka kuma sa ta ba. Kai aji nawa ka yi?"

Mai Walda ya sunkuyar da kai. "A aji biyu na sakandare na tsaya."

"Ka ji. Ni ma ban fi ka ba, shi ya sa na san abin da nake gudu. Duk 'ya'yana wannan ce mai kai. Ita take yi min allura safe da yamma, ko zafin hannunta ba na ji. Tun tana ƙarama take cewa jinya za ta yi. Daga yau har ta sake rubuta jarrabawa, kar na ga ƙafarka a gidan nan. In ta sake faɗuwa kuwa, kar na ƙara ganin ƙafar taka har abada."

Auta tana bayan labule tana ji. Ba ta fito ba, amma labulen yana motsi.

Ba a yi sati ba Yaya, babban wanta, ya kawo maganin matsalar a cikin ƙaramar mota. Abokinsa ne, malamin lissafi a wata makarantar kuɗi. Ba farfesa ba ne, amma tun suna yara haka ake kiransa, shi ma bai taɓa hanawa ba. Ga tabarau, ga turare, ga takalmi kamar an lashe. Ya ce zai riƙa zuwa kowace safiya kafin Auta ta tafi kanti, kuma don Allah zai yi.

Kowa a gidan ya san ba don Allah kaɗai ba ne. Farfesa ya daɗe yana kallon Auta ta saman tabarau.

* * *

Mai Walda ya daure iya daurewarsa. Wata rana da rana tsaka sai ga shi a kantin magani, idanu jajur.

"Maganin ido nake so."

Auta ta ɗago ta gan shi. "Injiniya, ka manta abin da Baba ya ce?" Ita kaɗai take kiransa Injiniya, tun da wasa har ya bi bakinta.

"Gidansa ya hana ni. Bai hana ni ciwon ido ba."

Ta ɗauko maganin ta ajiye a kan kanta, sai hawaye ya biyo baya.

"Ka san inda aka saka mu? In na faɗi, an ce kai ne. In na ci, an ce Farfesa ne. Jiya Yaya yake ce wa Inna, mutumin da ya cire yarinya daga rami shi ya kamata a duba, ba wanda ya jefa ta ba. Inna ba ta ce komai ba. Ka san in Inna ta yi shiru ta fara yarda ne. Ta ina za mu fita?"

"Ki ci kawai. Sauran ki bar min."

"Na bar maka ka yi yaya? Ka narka shi da injin walda?"

Bai yi dariya ba. "Ke dai kina ganewa?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "In yana yi, sai na ga kamar na gane. Hannunsa gudu yake kamar keken ɗinki. Shafi ya cika, ya ce kin gani, na ce na gani. Da ya fita na buɗe littafi, sai haruffan nan su tsaya suna kallona ina kallonsu. Aljebra ce take kashe ni. Lamba na san ta. Amma a ce x, a ce y, kamar ana kiran sunan 'yan aji."

"Ki gaya masa ba ki gane ba."

"Yaya yana zaune a gefe? Inna tana leƙowa tana murmushi? Sai a ce hankalina ne yake wajenka." Ta tura masa maganin. "Wallahi wani lokaci sai na ji ko ni ce daƙiƙiyar."

"Daƙiƙiya ba ta haddace sunan duk kwalaben nan," ya ce, yana nuna kanta. Ya ɗauki maganinsa ya fita, don ya ga mai kantin ya fara miƙo wuya.

Ya koma shago ba shi da dabara ko ɗaya. Dabarar Farfesa ne ya kawo masa ita, da bayan motarsa.

* * *

Wata safiya Farfesa zai fita da ribas, yana ɗaga wa Auta hannu, ya maka bayan mota a get. Ƙyauren hagu ya ɓalle daga sama ya karkace.

Baba ya fito ya daɗe yana kallon ɓarnar. A duniya babu abin da ya raina kamar mutumin da bai iya ribas ba. Amma ya haɗiye.

"A kira wanda ya ƙera shi," Inna ta ce.

"Aiki zai zo yi, ba hira ba," in ji Baba.

Washegari Mai Walda ya iso da inji da igiyar wuta. Bai kalli baranda ba, inda Auta da Farfesa suke zaune da littattafai, Yaya a gefe yana danna waya. Ya rufe ido da baƙin gilashi ya kama aiki. Yana cikin yi aka ɗauke wuta. Inji ya yi shiru, muryar Farfesa ta cika gidan.

"Dubi nan. X biyu a haɗa da uku, daidai yake da sha ɗaya. Sai uku ya tsallake zuwa wancan ɓangaren, ƙari ya koma ragi. Saura takwas. A raba biyu, x huɗu ne. Kin gani?"

"Na gani."

Mai Walda yana tsugune jikin get. Bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Malam, don Allah, me ya sa in ya tsallake yake canzawa?"

Kowa ya juyo. Yaya ya ajiye waya.

"Kai, da kai ake?"

Farfesa ya ɗaga hannu yana murmushi. Ya ga dama ta zo masa har gida. "Bar shi, ilimi yake nema. Auta, taimaki bawan Allah. Gaya masa. Abin nan tun makon farko muka wuce shi."

Ya miƙa mata biro. Ranar ce ta farko da biron ya bar hannunsa.

Auta ta riƙe biro. Ta kalli takarda. "Saboda... haka dokar take."

"Wa ya kafa dokar?" Mai Walda ya tambaya. Ba da gatse ba, shi da gaske yake.

"In ya tsallake dai..."

"Wa ya tsallakar da shi?"

 Farfesa ya yi sauri ya rubuta wani makamancinsa ya tura mata. "Yi wannan ya gani." Ta sa biro a takarda, biron bai motsa ba. Hawaye ya ɗiga a kan x ɗin har tawada ta bazu. Ta tashi ta shige ɗaki.

Baba yana kan kujerarsa ƙarƙashin inuwa, rediyo a cinya. Ya kashe rediyon.

"Farfesa, wannan shi ne abin da kuka wuce tun makon farko?"

"Baba, kunya ce kawai. An tsare ta da tambayar da ba ta da kai."

Da Farfesa ya tattara littattafansa ya tafi, Mai Walda ya miƙe, ya cire gilashin daga goshi, ya zo gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, ina da roƙo. Ba hira nake nema ba. Makaranta nake nema. A bar Auta ta riƙa koya min abin nan da yamma, a nan, a gabanka. In ka ji kalma ɗaya da ba ta lissafi ba, ka kore ni da sanda."

Yaya ya fashe da dariya. "Ita da ba ta iya ba za ta koya maka?"

"Ni na fi ta rashin iyawa. A gabana ba za ta ji kunya ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ya taɓa neman aure, ya san dabarun samari.

"Ɗalibi kake?"

"Ɗalibi nake."

"To ɗalibi jarrabawa yake rubutawa. Ka je ka sa sunanka a wadda za ta rubuta. Ka zauna cikin yara, sakamako ya fito, na gani da idona, unguwa ma ta gani. In ka yarda, gobe ka zo. In ba ka yarda ba, gama get ɗinka ka tafi."

Mai Walda mutum ne mai shago da ma'aikata a ƙarƙashinsa, mai shekara talatin da ɗoriya. Ya san abin da za a yi da shi a bakin titi.

Ya ce, "Da ƙarfe nawa zan zo?"

* * *

Ya zo da allonsa: fallen ƙarfe da ya shafa wa baƙin fenti, da allin da yake zana awo da shi. Ya jingina allon da bango, ya zauna a kan bokiti da aka kifa, gwiwoyinsa har ƙirji.

"Malama, ina wuni."

Auta ta harare shi, idonta har yanzu a kumbure. "Ka tozarta ni jiya."

"Wannan ba lissafi ba ne," in ji Baba daga kujera.

Ranar farko ba a yi komai ba sai wahala. Duk abin da ta rubuta sai ya ce me ya sa. Me harafi yake yi a cikin lissafi? In ba a san x ba, wa ya ba shi izinin zama? Ta amsa ɗaya, ta kasa uku, ta jefar da alli.

Amma da safe, da Farfesa ya zaro biro, sai ta miƙa hannu.

"Ba ni, ni zan rubuta. Kuma kafin mu ci gaba, me ya sa in ya tsallake yake canzawa?"

Farfesa ya gyara tabarau. Gaskiya a faɗe ta, mutumin ya san lissafi. Abin da ya hana shi koyarwa son burgewa ne. Da aka tsare shi sai ya sauko ƙasa, ya ce ai babu abin da yake tsallakewa, gajeriyar hanya ce kawai ake faɗa wa yara. Uku ake cirewa a hagu, a cire uku a dama, don ɓangarorin su zauna daidai. Ya ji daɗin tambayar. A ransa ya ce yarinya ta fara sakin jiki da shi.

Da yamma Auta ta fito da alli kamar mai shirin faɗa.

"Ɗalibi, tashi. Zo nan." Ta kai shi bakin get. "Ƙyaure nawa ne?"

"Biyu."

"In ka yanke inci uku a ƙasan na hagu ka bar na dama, me zai faru?"

"Duk wanda ya wuce zai san ɗan koyo ne ya yi."

"To yaya za ka yi?"

"Na yanke uku a na dama."

"Shi ke nan. Babu wanda ya tsallake ko'ina. Abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama. Je ka nemo min x."

Ya koma allo. Ya yi gumi, ya goge, ya sake. Can ya juyo. "Huɗu?"

"Tun ɗazu na san huɗu ne," in ji Baba, bai ko ɗago daga rediyo ba.

Daga nan abin ya kama hanya. Da yamma Mai Walda ya yi tambayar da ba ta da kai, da safe Auta ta kai wa Farfesa, da yamma ta dawo da ita a dafe. Kuma ba ta iya kawo abin da ba ta gane ba, don ɗalibin nata kansa kamar rodi yake, sai an gasa kafin ya lanƙwasa. Abin da za a faɗa wa mutum sau ɗaya sai ta faɗa ta hanya kaza, kafin ya shiga kansa ya riga ya zauna daram a nata.

Baba kuwa, da aka ajiye don gadi, kujerarsa kullum sai ta ƙara matsowa. Ranar da aka zo kan ragi sau ragi yana ba da ƙari, Mai Walda ya ce shi wannan bai yarda ba ko za a yanka shi.

"Kai, kanka wane irin kai ne?" Baba ya ce. "Mota ta juya wa gida baya. Ragi ke nan. Ka sa mata ribas, wani ragin. Ina za ta?"

"Gida."

"To. Malama, a ba shi wani, wannan na cinye."

Inna tana bakin kicin tana dariya har da riƙe ciki. Tun ranar Baba ya raɗa wa Mai Walda suna Daƙiƙin Aji, kuma ba a cikin gida sunan ya tsaya ba. Masu shayi suka ɗauka, masu faci suka ɗauka. In zai wuce a kan babur sai a ɗaga murya, "Daƙiƙi, an gano x ɗin kuwa?" Sai ya ɗaga hannu ya ce ana kan nema.

* * *

Farfesa bai san da ajin yamma ba. Yaya ya ɓoye masa, yana ganin wasan ba zai yi nisa ba. Wata yamma ya biyo da kyautar sabon littafi, ya tura get, ya tarar da Auta a gaban allo tana maimaita bayaninsa na safe, kalma da kalma, Mai Walda a kan bokiti yana ɗaga hannu.

"Malama, me ya sa?"

Farfesa ya tsaya cak. Ya gane muryar tambayoyin da yake amsawa kowace safiya.

"Ashe ni nake koyar da shi," ya ce a hankali. "Ina tashi da sassafe, ina murna kin fara sona da tambaya, ashe ɗan aike aka mayar da ni." Ya juya wajen Baba. "Baba, ka yi haƙuri. Ni mutum ne, ina da zuciya. Ko ni ko shi. In ajin nan bai tashi ba, gobe ba zan zo ba."

Ya ajiye littafin a kan kujera ya fita.

Gidan ya hargitse. Yaya ya tsaya a kan Auta. "Jarrabawa ta matso, manyan babuka suna gaba, za ki kori malami saboda mai ƙona ƙarfe? Wa zai koya miki? Shi?"

Inna ta kama hannunta tana kuka. "Auta, ki duba mahaifinki. In kika sake faɗuwa ciwonsa tashi zai yi. Ki bar ajin nan na ɗan lokaci. In da rabo ai ba ya wucewa."

Mai Walda ya miƙe ya ɗauki allinsa. "Inna, ku daina kuka. Ni zan janye. Dama don ta ci na zo. A kira Malam ya dawo."

"Ajiye allin nan," in ji Auta.

Ba a taɓa jin ta da wannan murya ba. Hawaye yana zuba amma ba ta share ba.

"Yaya, wata nawa ina zaune ana cika min shafi ina cewa na gani? Kai kana gefe, ka taɓa tambayata ko na gane? Inna, kina jin daɗi in kin ga littafi ya cika, rubutun wa ne a ciki? Mutumin nan ya zauna a kan bokiti, unguwa tana yi masa dariya, shi ya sa na fara riƙe biro. Farfesa ya taimake ni, ba zan ci amanarsa ba, Allah ya saka masa. Amma ban taɓa ce masa ina sonsa ba, kuma ba zan sayi darasi da kaina ba. In faɗuwa ce, na faɗi da hannuna."

Kowa ya kalli Baba. Baba ya yi gyaran murya, ya jawo kujera har gaban allo.

"Ajin yamma ba zai tashi ba. Ni ban gama gane y ba."

* * *

Da safe babu Farfesa. Auta ta koma ita da littafin da ya bari. Tana karantawa a kanti tsakanin mai saye da mai saye, don ta san mutum biyu suna jiranta da yamma, ɗaya mai gardama, ɗaya daƙiƙi. Babi bayan babi tana turawa, har ta iso kan lissafin da x yake ninka kansa. Nan ta cije. Ta kwana biyu tana juyawa, rannan ta zauna a gaban allo ta haɗa kai da gwiwa.

 Da gari ya waye Mai Walda ya kwafi tambayar a kan guntun fallen ƙarfe, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi makarantar Farfesa.

Farfesa ya fito ya gan shi a bakin aji. "Me ya kawo ka?"

"Taimako. Ta cije a nan. Ni ka tsana, ba ita ba."

Farfesa ya kalli ƙarfen, ya kalli mutumin. "Ni a aji nake koyarwa. In kana so, shigo ka zauna."

Ya shiga. Ya matse a benci tsakanin yara, da gemunsa da rigar walda. Ajin ya ɗauki dariya, Farfesa bai hana ba. Ya fara bayani da gudunsa na da. Hannu ya tashi daga benci.

"Malam, me ya sa?"

Aka sake dariya. Ya sake tambaya. Ya kuma sakewa. A hankali dariyar ta mutu, don yaran ma ashe ba su san me ya sa ba. Farfesa ya cire tabarau ya murza ido, ya karɓi ƙarfen da allin, ya rubuta komai layi bayan layi, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Ka gane?"

"A'a. Amma ita za ta gane."

Farfesa ya miƙa masa. "Riƙe da kyau kar ya goge. Ka ce mata ta kula da alamar ragi, nan take yawan zamewa."

Mai Walda ya tura babur ɗin da ƙafa har gida, ƙarfen a rungume, don kar iska ta taɓa allin.

* * *

Ranar jarrabawa mai gadin zauren ya tare shi a ƙofa ya ce ba yau za a gyara taga ba. Sai da ya nuna katinsa. Ya zauna a layin baya. Can gaba yana hango mayafin Auta, kanta a sunkuye, hannunta yana tafiya bai tsaya ba. Shi ya amsa abin da ya iya, sauran lokacin ya yi ta kallon hannun nan.

Da sakamako ya fito, Auta ce ta shigo gida da gudu, takalmi ɗaya a bakin get.

"Baba, kiredit."

Inna ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Yaya ya karɓi takardar ya duba gaba ya duba baya, ya ce dama shi ya san za ta ci. Baba ya sa tabarau ya karanta da kansa.

Sai ga Mai Walda a bakin get, ya tsaya bai shigo ba.

"Shigo mana, Daƙiƙi. Ina taka?"

Ya miƙa. Baba ya duba. F ce, ƙatuwa, ba ta ko ɓuya ba.

"Duk wahalar da Malama ta sha a kanka?"

"Na sami x a tambaya ta farko, Baba. Huɗu ne."

Baba ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya haɗa takardun biyu a hannu ɗaya.

"Na ce in ta faɗi kar na ƙara ganin ƙafarka. Ba ta faɗi ba. Ka gaya wa manyanka ina son ganinsu. Amma ka ji da kyau: sai ta gama makarantar jinya. Shekara uku ce, kuma ba a garin nan take ba."

Auta ta kalli Mai Walda. Tun ranar da ya zauna a kan bokiti ya san in ta ci tafiya za ta yi. Shi ya tura ta da hannunsa.

"Zan jira, Baba."

"Sannan ka ƙera min firam guda biyu, masu kyau, da gilashi."

Ya ƙera su da kansa, ya goge, ya yi musu fenti ruwan zinariya. Baba ya rataye su a falo kafaɗa da kafaɗa, kiredit a dama, F a hagu, daidai inda duk baƙon da ya zauna zai gani. Wanda bai lura ba Baba yana nuna masa da sanda.

Ranar tafiya Mai Walda ne ya ɗora akwatinta a mota. Ta leƙo ta taga, ido ya cika.

"Injiniya, ka yi ta bitar babi na uku."

"Me ya sa, Malama?"

Motar ta tashi tana dariya tana kuka.

Sunansa na da kuwa ya tafi ke nan. A unguwar, daga mai shayi har masu kawo masa aikin get, babu mai neman shagon Mai Walda. Shagon Daƙiƙi ake tambaya, a nuna. Kowace yamma yana rufe shagon da wuri, ya je ya kifa bokiti a gaban surukinsa na gobe, su buɗe littafin su biyu, Baba yana cinye shi.